Wace irin birch ta bakin kogi za ka saya wa gidanka a Amurka?

Duk wanda ya shiga wurin masu sayar da dashe a gabashin Amurka zai ci karo da river birch, wato wata bishiya daga dangin birch. Ɓawonta ne ke ɗaukar ido: yana ɗayewa kamar tsohuwar takarda, launin kirfa na leƙowa daga ƙarƙashi. Asalinta bakin koguna ne, daga jihar Minesota har arewacin jihar Filorida, kuma tsutsar da ke huda fararen birch ta kashe su ba ta cika yi mata illa ba.

Amma kafin ka ciro kuɗi, auna filinka. A cikin ire-irenta, wadda aka fi saye, Heritage, takan kai mita 12 zuwa 20, ga saurin girma. Ɓawonta ya fi na sauran haske da kyau, ban musa ba. Sai dai saiwoyinta sama-sama suke bi, ƙananan rassanta kuma ba sa daina zuba a tsakar gida. In ba za ka iya ba ta tazarar mita 6 daga bango da bututun ruwa ba, ka haƙura da ita. Abin tausayi ne a ga an sare bishiya mai shekara goma don kawai an dasa ta a gindin taga.

Mai ƙaramin fili ya nemi Fox Valley, wadda wasu ke kira Little King. Ba ta cika wuce mita 3 zuwa 4 ba, ɓawon kuma yana nan da kyansa. Ita nake ba yawancin mutane shawara.

A kudu, irin su Jojiya da Tekzas, Dura-Heat ce ta fi jure zafi. Ganyenta ƙanana ne masu sheƙi, ba ta saurin kaɗe su in rani ya tsananta.

Akwai mai gindi ɗaya, akwai mai gindi uku da suka tashi tare. Mai ukun ta fi nuna ɓawo, ta kuma fi cin wuri.

Kowacce ka zaɓa, gwada ƙasarka tukuna. Mai tsami take so, wato ma'aunin tsamin ƙasa, pH, ya zama ƙasa da 6.5. In ya haura, ganyen ya koma rawaya saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe, ka yi ta magani kowace shekara. A wurin saye kuma, zaro ta daga tukunyar roba ka duba: in saiwoyin sun nannaɗe kamar gammo, ajiye ta ka ɗauki wata.