Hoton PET a Alƙahira: yadda muka samu cibiyar da muka kai Yaya

Bayan Yayana ya gama shan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar kaluluwa, likitansa ya ce sai an yi hoton PET, wato hoton cikin jiki da ke nuna inda ƙwayoyin sankara suke, kafin a san ko cutar ta mutu ko ta laɓe ne kawai. Wata cibiya mai zaman kanta muka je a Alƙahira, kuma duk da ƙorafin da nake da shi, zan iya tura ɗan uwana can.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon lokaci. Ni malamin fizis ne a sakandare, na san dalilin. Allurar da ake yi, wadda suke kira FDG, sukari ne da aka maƙala wa sinadarin fulorin-18, shi kuwa duk bayan minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Da asuba ake haɗa shi a injin saikulotoron, wato injin da ke samar da fulorin-18 ɗin, a kawo shi cikin tukunyar dalma. Idan cibiya ta yi sakaci ta bar mutane a layi, maganin na lalacewa a hannunta. A nan kuwa da lokacinmu ya yi aka kira Yaya.

Sun ce ya zo da azumin awa 6, ruwa kaɗai zai sha. Suka auna sukarin jininsa, suka yi masa allurar, sannan suka zaunar da shi shi kaɗai na tsawon awa guda a wani ɗan ɗaki, suka lulluɓe shi da bargo. Ma'aikaciyar ta hana shi magana da taunar cingam, domin duk tsokar da ta motsa za ta ja sukarin ta ɓata hoton. Na ji daɗin yadda ta tsaya ta yi bayanin nan, don Yaya mutum ne mai hira, da ba a faɗa masa dalili ba da waya zai ɗauka ya kira Kano.

Ƙwayoyin sankara sun fi lafiyayyu haɗamar sukari, sai su tara shi. Fulorin ɗin na fitar da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai suna fositiron, shi kuma da ya haɗu da kishiyarsa ilektaron da ke cikin jiki sai su ɓace su zama haske biyu masu tafiya gabas da yamma, zoben na'urar hoton ya kama su a lokaci guda, ta haka take gane inda sukarin ya taru, wurin ya fito baƙi a hoton. Da na ga ƙwaƙwalwa da mafitsara sun yi baƙi ƙirin a hoton, na ce, "Yaya, kada hankalinka ya tashi, nan dama haka yake fitowa." Ɗaukar hoton kanta ba ta kai rabin awa ba.

Inda suka gaza shi ne tafinta. Ba su da nasu, wanda muka samu a bakin ƙofa kuwa ya tsuga mana kuɗi, kuma rabin maganar likita haɗiye ta yake yi. Sakamakon ma ya wuce ranar da suka yi alkawari, har sai da muka ɗaga tikiti. Wanda zai je ya nemi ɗalibi Bahaushe mai karatun likita a can ya raka shi, ya kuma bar yara da mai juna biyu a masauki, don an hana wanda aka yi wa allurar kusantarsu na wasu awanni.