Sharhi kan marufin kunne mai batir, bayan Sallah biyu ina harbi da shi

Gidanmu gidan bindiga ne. Ba irin ƴan bindigar da ake ba da labarinsu a rediyo yanzu ba, Allah ya kiyashe mu. Mu ne masu tafiya gaban dawaki ranar hawan Sallah a nan Maradi, muna buga adaka sama tun daga idi har ƙofar fada. Kakana ya yi, Baba ya yi, ni ma yau shekarata 19 a ciki. Tare da bindigar kuma muka gaji nauyin kunne. Baba in ba ta damansa ka zauna ba, sai ka gama magana yana kallon bakinka kawai.

Kowane mai harbi ya san kukan da kunne ke yi bayan hawa, kamar gyare ya shige ciki. Da can kwana biyu ne ya wuce. Bara waccan sai ya ƙi wucewa. Na yi wata guda da shi, da dare ya fi tsanani, har na je asibiti. Likitan kunne ya sa mini na'ura, ya gwada, ya ce: "Malam, siririyar ƙara ta riga ta kuɓuce maka, musamman a hagu." Ya zana mini yadda abin yake. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, cikinsa ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya. A ma'aunin ƙarfin ƙara da ake kira desibel, hira tsakanin mutum biyu wajen 60 take. Daga 85 ake fara ɓarna in mutum ya wuni awa 8 a ciki. Ƙarar bindiga kuwa daga 140 take tashi, wata har 170, kuma a wannan matsayi harbi ɗaya tak ya isa ya bar tabo.

Maganar hagun nan ta daɗe a raina. Wanda ke ɗora bindiga a kafaɗar dama, kansa na kare masa kunnen dama, na hagu ne ke fuskantar bakin bindiga. Baba ya yi farauta shekaru a dajin Baban Rafi. Ashe abin da muke cewa tsufa ne, albarushi ne.

Ƙanena da ke zuwa Kwatano sarin kaya na ba wa saƙo, ya kawo mini marufin a kan jika 35. Kofuna biyu ne masu katifa da ke rufe kunnuwa, da maɗauri bisa kai, yana cin ƙananan batir guda biyu. A jikin kwalinsa an rubuta yana rage desibel 22. Abin da ya bambanta shi da na masu injin niƙa shi ne yana da makirufo a waje da ƴar lasifika a ciki. Magana da duk wata ƙaramar ƙara yana shigo maka da su, har ya ƙara musu ƙarfi in ka murɗa, amma da zarar ƙara ta haura desibel 82 sai ya yanke.

Ranar ƙaramar Sallah na fara gwada shi, kuma a nan ya biya kuɗinsa. Aikinmu ba ya yiwuwa ga wanda ba ya ji. Dole ka ji babbanku in ya ce a ɗura ko a dakata, ka ji kofaton doki a bayanka, ka ji yaron da ya kutso cikin layi. Abin da ya sa ban taɓa yarda na cusa wani abu a kunne ba ke nan. Da marufin nan ina jin kalangu, ina jin algaita, ina jin na kusa da ni yana tambayar albarushi. Da na taɓa kunama sai na ji wani "dum" mai taushi, ƙirjina ya amsa, hayaƙi ya tashi, nan take kiɗa ya dawo. Wallahi sai da na duba bindigar, na zaci ba ta tashi sosai ba. Na kwana ran nan kukan kunnena bai ƙaru ba, karo na farko tun ina saurayi.

Yana da aibu, kuma zan faɗe su. Na farko zafi. Kamar don ƙasar sanyi aka yi shi. Ranar Maradi in ta take, cikin rabin awa zufa ta cika katifar, tana gangarowa wuya, abin ya riƙa zamewa. Na biyu ya fi muhimmanci: in katifar ba ta manne da fata ba, aikin banza ne. Gefen hula, rawani, ko ƙafar tabarau, duk suna buɗe kafa, ƙara ta shige. Sai da na koma sa ƴar ƙaramar hula da ba ta sauko kan kunne. In ka ɗora bindiga a kafaɗa kuma, gindinta na ture kofin dama. Iskar hunturu in ta bugi makirufon tana yin huu mai ban haushi. Batir bai dame ni ba, ya daɗe, kuma ko ya mutu kofunan na ci gaba da tare ƙara, jin magana kawai za ka rasa.

Sannan 22 ɗin nan ba ta isa ba in muna da yawa. A babbar Sallah mun jeru mu goma sha wani abu muka saki lokaci guda, na ji ta har cikin haƙorana. Daga ranar na bi shawarar likita: in fara murza ɗan soson toshe kunne in tura shi ciki, in ɗora marufin a kai, in ƙara murya. Haɗa biyun ba ya ninka kariya, kamar desibel 5 yake ƙarawa bisa wanda ya fi ƙarfi. Kada a raina 5, domin a wannan ma'auni kowane 3 da aka rage, rabin ƙarfin ƙarar aka cire. Audugar da wasunmu ke cusawa kuwa kusan ba ta tare komai.

Samari sun tambaye ni me ya sa ba za a sa wa bindigar abin kashe ƙara ba, irin na fim. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, ya yi rajistar irinsa tun 1909, amma fim ƙarya yake yi. Desibel 20 zuwa 35 yake ragewa, bindigar na nan da ƙararta, masu amfani da shi ma suna rufe kunne. Balle mu da ƙarar ce aikin. Hawan da adaka ba ta girgiza gari ba ai ba hawa ba ne.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba zufa ba ce. Wani dattijo cikinmu, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya dube ni ya ce: "Ɗana, tsoron bindiga ka fara?" Na ce: "A'a Baba, so nake in ji kukan jikokina." Sai da na maimaita sau uku kafin ya ji.

Na kai wa mahaifina marufin ya sa, na murɗa masa murya har ƙarshe. Ya yi shiru, can ya ce yana jin kaji a bayan ɗaki. Ba magani ba ne, da ya cire komai ya koma yadda yake. Amma shi ne ya ce in nemo wa yaran nan biyu masu riƙe mana albarushi nasu, domin su ke tsaye dab da bakin bindiga kuma babba cikinsu bai wuce shekara 14 ba. Na riga na saya musu soson, marufin kuma na ba ƙanena kuɗin guda ɗaya, zai taho da shi kafin azumi.