Tayar a-kori-kura: abin da ake sayarwa a Kanada da abin da hanyoyin Maraɗi ke buƙata

Ƴan uwa masu Hilux da Land Cruiser a gida suna yawan aiko da tambaya a kan tayoyin da ake sayarwa a nan Kanada, wai wacce za a saka musu a kwantena: mai lokuta huɗu ko mai shiga kowace ƙasa. Kafin a aiko da kuɗi, ga yadda abin yake.

A kantin taya na nan, mai a-kori-kura zai tarar da iri biyu gaba da gaba. Ta farko ita ce ta kwalta, wadda suke cewa ta dace da duk lokutan shekara, wato mai lokuta huɗu, galibi za ka ga haruffan H/T ko M+S a gefenta. Zanenta ƙanana ne a matse, da layuka dogaye masu korar ruwa, ba ta ƙara, ba ta shan mai sosai, kuma tana daɗewa. Ta biyu ita ce mai A/T, wato mai shiga kowace ƙasa, haƙoranta manya, da fili a tsakaninsu don su kama ƙasa su tofar da laka, zanen ya gangaro har kafaɗar taya. Lokuta huɗun da suke nufi nasu ne, da sanyi da ƙanƙara a ciki, kuma ko a nan ba a yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, domin robarta na fara taurara da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Shi ya sa a lardin Kebek doka ta wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Mu kuwa ba ƙanƙara ce damuwarmu ba. Damuwarmu zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da lodi, da ƙaya, da rairayi.

Wanda aikinsa Maraɗi zuwa Yamai ko Damagaram ne, ko Ɗan Isa da Katsina, ƙafarsa ba ta barin kwalta sai jefi-jefi, H/T ta ishe shi. A kwalta mai ruwa ma ta fi yawancin A/T kama birki. Kamfanoni a nan suna ba da lamunin nisan tafiya, misali Michelin Defender LTX tana da lamunin mil 70,000 a wasu girman, BFGoodrich KO2 kuma, wadda take A/T, mil 50,000. Wannan lamunin ba ya bin taya zuwa Nijar, amma yana nuna wacce ta fi jimirin kwalta.

Amma mai shiga kasuwannin ƙauye yana ɗauko aya da wake da gero, ta wajen Dakoro ko Mayahi ko bakin Gulbi da damina, A/T ce tasa. Ba zanen kaɗai ba ne ya sa. Robar A/T ta ƙwarai ba ta ɓarewa a kan tsakuwar jar hanya, gefenta kuma ya fi kauri, kuma a gefen ne kututture da ƙayar aduwa ke kashe taya. Farashinta dai ya fi, tana da nauyi, tana ruri idan an wuce kilomita 80 a sa'a, mai kuma yana ɗan ƙaruwa.

Inda mutane ke yin asara shi ne harafin da ke gaban lambar girma, ba su duba shi. Taya biyu za su iya zama 265/65R17, duk A/T, duk kamfani ɗaya, amma ɗaya an rubuta P a gabanta ko ba a rubuta komai ba, ɗaya kuma LT. Mai P ginin ƙaramar mota ce aka faɗaɗa, a nan ita ake saka wa mafi yawan a-kori-kura domin da yawansu ba sa ɗaukar komai sai kayan cefane. Idan aka saka ta a motar kaya ma ƙa'ida ita ce a rage kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta mata. Mai LT ita ce ta lodi, tana zuwa da harafin C, D ko E, wanda ya yi daidai da ƙarfin shimfiɗa 6, 8 ko 10. Tayoyin da suka fito ta Turai kuma C suke sakawa a ƙarshen lambar, kamar 205R16C da aka saba gani a Hilux ta aiki. Sai lambar nauyi da ke bayan girman: 112 na nufin kilo 1,120 a kan taya ɗaya, in an cika ta da iskar da ta kamata. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu goma na kilo ɗari, mu kuwa mun san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa, ga buhuna ga mutane a sama ga awaki. Mafi yawan nauyin a tayoyin baya yake sauka. A ganina, H/T mai LT ta fi A/T mai P amfani ga ɗan kasuwar Maraɗi nesa ba kusa ba.

Mai E tana ɗaukar iska har kusan kilo biyar da rabi a ma'aunin iska, amma ba a cika ta haka sai da cikakken lodi, kuma sai janti da bakin iskar sun iya. Motar da ba kaya aka cika mata haka za ta riƙa tsalle, tsakiyar tayar ya cinye ya bar gefe.

Zancen iska shi ne wanda ke kashe mutane. Taya mai ƙarancin iska ga lodi tana lanƙwashewa a gefe duk juyin da ta yi, lanƙwasar tana haifar da zafi, ga kwalta na tafasa da azahar, sai roba ta rabu da wayoyin ciki ta fashe. A auna iska da safe kafin mota ta motsa, a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, akwai na mota wayam akwai na lodi. Idan an yi tafiya aka ga iskar ta hau, kada a sace ta, haka ya kamata ta yi. Wanda ya rage da zafi zai wayi gari da taya mai yunwa. A rairayi mai zurfi ana saukar da ita zuwa wajen kilo ɗaya da rabi don tayar ta baje, a tafi a hankali ba juya sitiyari da ƙarfi, amma da an hau ƙasa mai tauri sai a mayar. Duk mai wannan hanya ya ajiye famfon iska mai aiki da batir, a nan ba shi da tsada kuma ya fi taya sauƙin aikowa.

Masu sayen ta hannu su duba abu biyu. A gefen kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, kamfanonin mota da yawa na cewa a canza bayan shekara 6, masu taya kuma ba sa yarda ta wuce 10 ko zanenta bai taɓu ba. Na biyu, tsofaffin tayoyin hunturu da aka yar a nan da Turai suna cikin waɗanda ke isa kasuwanninmu, kuma suna ruɗar ido saboda zanensu da zurfi. Robarsu laushi gare ta, a zafinmu ba ta kai ko'ina. Ana gane su da tsage-tsage sirara masu yawa a kan kowane haƙori, wani lokaci da ramukan ƙusa, da sunaye irin su Blizzak ko X-Ice. Hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki shi kaɗai ba hujja ba ne, domin A/T da yawa ma suna da shi.

Ta wajen aiki, a nan idan ka sayi taya sai an daidaita nauyinta a inji da ƴan dalma, a duba saitin ƙafa, a ce ka dawo bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya na gaba da na baya. A/T da ba a sauyawa haƙoranta na cinyewa bi-da-tsallake, daga nan rurin ya ninku. Faci kuma ba sa yi sai a kan zane, ramin bai wuce milimita 6 ba, a cire tayar a liƙe ta ciki. Gefe in ya yage, sun yar. Masu facinmu na gida sun fi su dabara da sauƙin kuɗi, za su ƙona gefen su zura tif mota ta tashi, kuma a daji wannan ya fi kwana a hanya. Amma irin wannan taya wurinta safaya, ba ƙafar gaba ba a hanyar Yamai.

Mai 4x4 ya saka huɗun girma ɗaya, iri ɗaya, safaya ma haka, domin bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana takura giyar da ke raba ƙarfi idan an shigar da ita. Maganar aikowa daga nan kuwa, a a-kori-kurar nan irin su F-150 janti 17 zuwa 20 ya fi yawa, Hilux ba a ma sayar da ita, don haka 205R16C da 7.50R16 ba su cika samuwa a kanti ba. In an haɗa kuɗin jirgin ruwa da na duwan a kan taya huɗu masu nauyi, sabuwar LT mai kwanan watan bara da aka saya a Maraɗi ko Kano za ta fi araha.