Kayan adon Sarauniya Biktoriya: kafin rasuwar Albert da bayanta

'Yar'uwa, kin ce kin ga hotuna biyu na Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ɗaya tana amarya cikin fararen kaya da furanni a ka, ɗayan kuma tsohuwa cikin baƙi da ɗan ƙaramin kambi, kika tambaya ko daina ado ta yi da mijinta ya rasu. Ba ta daina ba. Adon ne ya canja fuska, kuma ranar da ta raba zamanin biyu ita ce 14 ga Disamba 1861, ranar da mijin nata, Yarima Albert, ya rasu a fadar Windsor yana da shekara 42.

Zamanin farko duk launi ne, kuma kusan kowane abu da hannun Albert a ciki. Zoben baikonta siffar maciji gare shi, da koren zumurrudu a kansa. Kada wannan ya ba ki tsoro, a wurinsu macijin da ya naɗe alamar ƙauna ce marar yankewa. Ana gobe ɗaurin aure ya ba ta wani babban shuɗin yaƙutu kewaye da daimon, ta maƙala shi a ƙirjin rigar amarcinta ran 10 ga Fabrairu 1840. Ba ta sa kambi ba a ranar, furen lemu ta ɗora a kai. Shi kuwa bai manta da furen nan ba: ya sa aka riƙa ƙera mata irinsa da zinariya da farin tangaran, har a 1846 ya ba ta na ɗorawa a kai mai 'ya'yan lemu huɗu kore, kowanne a madadin ɗaya daga cikin 'ya'yansu huɗu na lokacin.

Abin da ya fi taɓa min zuciya ba mai tsada ba ne. Wata 'yar sarƙar hannu ce ta zinariya da ya ba ta bayan haihuwar 'yarsu ta fari a 1840. Duk haihuwa sai a ƙara mata wani ɗan gida mai siffar zuciya, kamar ƙaramar laya, ana buɗe shi, a ciki da gashin jaririn. 'Ya'ya tara ta haifa tsakanin 1840 da 1857, zukata tara ke nan, kowacce da launinta. Har haƙorin yarinta na babbar 'yarsu an saka a cikin wani abin maƙalawa a ƙirji. Matar da ke da taskar masarauta a hannunta, ga abin da take so ta ji a wuyan hannunta.

To ki dubi zamani na biyu. A wurinmu takaba wata huɗu da kwana goma ce, ita kuwa ta zauna cikin baƙi kusan shekara arba'in. Al'adarsu ta zaman makoki ba ta yarda da duwatsu masu launi ba, don haka sai baƙi da fari: baƙin dutsen nan da ake haƙowa a garin Whitby, da lu'ulu'u, da daimon. 'Yan gidajen nan masu kama da laya ba su ƙare ba, sai dai yanzu hoton Albert da gashinsa ne a ciki. Da ana ƙara su ne idan an haihu, yanzu sai idan an rasu. 'Yarta Alice ta rasu a 1878, kuma a ranar 14 ga Disamba, daidai ranar da ubanta ya rasu. Ɗanta Leopold ya bi a 1884, ɗanta Alfred a 1900.

Ɗan kambin da kika gani a hoto na biyu, kamfanin Garrard ne ya ƙera shi a 1870. Daimon 1,187 ne a jikinsa, amma faɗinsa kamar santimita 10 ne kawai. Babban kambin masarauta yana da nauyi, yana da duwatsu masu launi, kuma ba ya zama a kan farar hular da matan da suka rasa miji ke sawa. Wannan kuwa yana zama daram. Kafin a yi shi, da ta fito buɗe majalisa a 1866, karon farko tun rasuwar Albert, ƙaramin kambin yaƙutu da daimon wanda shi da kansa ya tsara mata ta sa. Wannan na yaƙutun yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan yanzu.

Idan kika ce in zaɓa, adon zamanin farko ya fi kyau a ido, amma na zamani na biyu ya fi nuna min ko wace ce ita.

Akwai dutse ɗaya da ba zan sa shi cikin labarin soyayya ba, wato babban daimon ɗin nan da ake kira Koh-i-Noor. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Punjab ta yankin Indiya a 1849, an sa sarkinta, Maharaja Duleep Singh, yaro ɗan shekara 10, ya miƙa shi. Ya isa hannunta a 1850, aka baje shi a babban baje kolin Landan na 1851, mutane suka ce ba ya ƙyalli. Albert ya sa aka sake yanka shi a 1852, nauyinsa ya ragu daga kimanin karat 186 zuwa 105.6. Ta riƙa maƙala shi a ƙirji, kuma har yau Indiya na neman a mayar mata da shi. Shi ma daga hannun ɗan wata uwa aka karɓo shi.

Ta rasu ran 22 ga Janairu 1901 a gidanta na Osborne. Ta bar wasiyya a sa mata farare, aka lulluɓe mata fuska da mayafin amarcinta na 1840, aka sa rigar Albert ta zaman gida a gefenta. Ɗan kambin nan na 1870 kuwa a saman akwatin gawarta aka ɗora shi.