Wata shida da sanya Linux a tabilet ɗin gwanjo: abin da na gani

Tambayoyin jarrabawa ne suka jefa ni cikin wannan harka. Ina koyar da Hausa a wata makaranta a Pantami, nan cikin Gombe, kuma duk ƙarshen zango sai na kwashi takarduna na kai shagon buga takardu. Yaron shagon yana da hannu, amma bai san da zaman haruffa masu lanƙwasa ba. Na rubuta "baƙi sun iso", ya buga mini "baki sun iso". Na rubuta "ƙafa", ta dawo "kafa". Haka zan zauna da jan biro ina bin kwafi ɗaya bayan ɗaya ina ɗaura wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyoyinsu. Kuɗin laftof kuwa ba ni da shi, albashin malamin makaranta ba sai na faɗa ba.

A babbar kasuwa na ci karo da ita, a cikin gilashin wani mai gyaran waya: tabilet mai inci 8, 'yar gwanjo, bayanta duk ya kankare. Ya ce mini, "Malam, wannan ba irin ta yara ba ce, Windows ce a ciki, kwamfuta ce sak." Bai yi ƙarya ba. Irin waɗanda aka yi ta fitarwa ne a tsakanin 2014 da 2016, masu ƙwaƙwalwar Atom Z3735F, ram gig 2, ma'ajiya gig 32. Kuɗinta bai kai na sabuwar ƙaramar wayar Android ba, na biya na taho.

Windows 10 na tarar a kanta, na kuma yi mako uku ina lallaɓawa. Laifin ba na kowa ba ne, kaya ne ya fi ƙarfin jaki. Gig 32 shi ne mafi ƙarancin wurin da Windows 10 ɗin baya-bayan nan yake nema, to ina za a zuba sauran kaya? Kullum ma'ajiya a cike, in na buɗe shafin intanet biyu sai ta tsaya tana nishi. Ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana neman ram gig 4 da ma'ajiya gig 64, waɗanda ko a mafarki wannan 'yar aba ba ta da su.

Ƙanena da ke karanta ilimin kwamfuta ne ya zo hutu ya gan ni ina fama. Ya jujjuya ta ya ce, "Yaya, a sauke wannan a ɗora Linux, kyauta ne kuma ba shi da nauyi." Linux ɗin nan wata babbar manhaja ce da kan maye gurbin Windows. Na ce aikin minti nawa ne? Ya ce kafin la'asar mun gama. Sai da muka kwana biyu.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwaƙwalwar waɗannan tabilet ɗin mai bit 64 ce, amma 'yar manhajar da ke tayar da su idan an kunna, wadda ake kira UEFI, mai bit 32 ce. Wato ƙofar gida ƙarama, ɗakin ciki babba. Filas ɗin farko da ya shirya don ɗora Linux, ko ganinsa tabilet ɗin ba ta yi ba. Muka kashe muka kunna ya fi sau goma, shiru. Daga baya ya gano cewa Debian, wani nau'in Linux, ya san da wannan gauraye tun fitowarsa ta 8 a 2015, sai muka sauke Debian 12, muka zaɓi fuskar Xfce saboda sauƙinta. Duk mai niyyar gwadawa ya fara da bincika wannan, zai huta da ɓata data.

Matsala ta biyu ta fi ban dariya. Ramin USB ɗaya tal gare ta, ƙaramin nan irin na tsohuwar cajar Android, kuma ta nan ake caji, ta nan ake jona komai. Lokacin ɗora manhajar taɓa gilashi ba ya aiki, dole sai da kibod. Muka sayo wayar OTG, wadda ke ba da damar jona kayan kwamfuta a wannan ƙaramin rami, da 'yar mahaɗa mai rami huɗu, muka jona filas da kibod da maus, abin ya zama kamar kaza da 'ya'yanta a kan tabarma. Tunda ramin a toshe yake ba halin caji, sai muka zuba wa batir ido yana sauka. Karo na farko saura kiris a gama ta mutu. Unguwarmu kuma ba wuta a ranar, sai da na kai ta shagon masu caji ta cika, muka sake daga farko bayan isha'i.

Da ta tashi, gaskiya na ji daɗi. Babbar manhajar da duk kayan aikina ba su cinye ko rabin ma'ajiyar ba. Wayifai ya kama nan take, don Debian 12 yana zuwa da 'yan manhajojin da irin waɗannan na'urori ke buƙata a cikin filas ɗin. LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi, yana buɗewa ba tare da na je na dawo ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne tsarin kibod na Hausa da ke ciki tun asali: ka zaɓe shi sau ɗaya, ƙ da ɗ da ɓ su zauna ƙarƙashin yatsunka. Zangon da ya wuce ni na buga tambayoyin aji shida da hannuna, na mayar da su PDF, na kai shago a filas aka fitar kawai. Jan birona ya huta. Har takardar lissafin makin ɗalibai na koma yi a kanta, ita ke tara jimla da kanta.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya ɗauka ya samu laftof a ɓagas. A makon farko tana cikin aiki sai ta sandare, ba gaba ba baya, sai na danne maɓallin kashewa. Sau biyu na yi asarar shafukan da ban adana ba, ɗaya daga ciki fassarar karin magana ce da na yi dare ina yi. Na kira ƙanena, ya ce sananniyar matsala ce tsakanin Linux da wannan jerin ƙwaƙwalwa, tana faruwa ne lokacin da na'urar ke ƙoƙarin yin barci mai nauyi don tattalin batir. Ya turo mini layi ɗaya, intel_idle.max_cstate=1, ya yi ta bi da ni ta waya har na sa shi a inda ya dace. Tun daga nan ba ta sake ba, sai dai batirin ya rage jimawa. Yanzu nakan samu kamar awa uku da rabi ina rubutu, wanda ya ishe ni daga magariba zuwa lokacin kwanciya ko da an ɗauke wuta.

Kyamara ba ta aiki, har yau. Ban damu ba, ba hoto na saye ta in ɗauka ba. Sauti yana fita ta abin kunne, lasifikarta kuwa wata rana ta yi magana wata rana ta yi gum. In na rufe ta ta yi barci ba kullum take farkawa ba, don haka na koyi kashe ta gaba ɗaya. Bidiyo a YouTube sai an rage ingancinsa, shafin intanet kuma in ya wuce uku ta fara ja da ƙafa. Da zafin watan Afrilu bayanta yakan ɗau ɗumi har in ɗora ta a kan faifai kusa da taga.

Babban abin da ban hango ba shi ne wannan: ranar da na ɗora mata manhajar kwamfutar tebur, ranar ta daina zama tabilet. An ƙera waɗannan fuskoki ne don mai maus. A gilashi mai inci 8, alamar rufe shafi ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, yatsana kuma na manomi ne, in na nufi wannan sai in taɓa wancan. Akwai kibod na kan gilashi mai suna Onboard, amma in ya fito ya cinye rabin fuskar. Juya ta tsaye ko kwance ma da hannu nake yi. Ƙanena ya ce fuskar GNOME ta fi sanin yatsa, muka gwada, ram gig 2 ya ce bai san zance ba. A ƙarshe na sayi ƙaramin kibod na Bluetooth domin ramin caji ya samu sarari, na samo maus, na sa kafinta ya yanka mini ɗan katako mai tsaga da nake jingina ta. Uwargida ta kalli tarkacen a kan tebur ta ce, "Malam, wai wannan duk don gudun sayen kwamfuta ne?" Na lissafa kuɗin OTG da mahaɗa da kibod da maus da datar da muka ƙona, na ga ban kai kuɗin laftof ɗin gwanjo ba, amma na matso kusa fiye da yadda na zata.

Wani abokin aikina mai koyar da lissafi ya ga tawa ya ce shi ma zai nemo, don yana son kallon darussa a intanet da shiga taron bidiyo. Na ce masa ya bari, ya tara kuɗinsa ya sayi laftof ko da tsohuwa ce. Ita wannan keken rubutu ce mai batir, ba ta wuce nan ba, kuma sai kana da wani a gida da zai ɗaga waya in ta yi gardama. Ni aikina rubutu ne da jera maki, ta kuma ɗauke mini su. Ƙanena ya koma makaranta, ya bar mini filas ɗin Debian a cikin ambulan, ya rubuta a bayansa: "Yaya, kada a zuba wani abu a ciki." Yana cikin aljihun jakata tare da wayar OTG.