Karayar ƙugu: me za a saya wa tsohuwa kafin a dawo da ita gida?

Ko a asibitin ƙashi na Amadi Rimi aka yi aikin, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, ko an kai ta Dala a Kano, maganar likitoci ɗaya ce: a tashe ta, kada a bar ta kwance. Sau da yawa tun washegarin aiki ake tsayar da mutum, domin doguwar kwanciya na jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, naman cinya kuma ya zube. Da aka sallami Innarmu bara muka dawo da ita Ƙofar Marusa, sai a bakin zaure muka gane babu abin da za ta dogara da shi ta kai banɗaki.

Keken marasa lafiya na zuwa ganin likita ne kawai. In aka saba mata da shi, an kashe ƙafar. Sandunan hammata na samarin da suka faɗi a babur ne, tsohuwa ba ta da ƙarfin damtsen riƙe su. Sanda guda kuwa sai daga baya, in ƙafa ta yi ƙwari, kuma a hannun ɓangaren lafiya ake riƙe ta.

Ni dai nawa shi ne ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ma'aikatan asibiti ke kira woka, marar taya. Mai taya yana da daɗi a kan tayil, amma tsakar gidanmu rairayi ne, tayar nutsewa take, ga dokin ƙofa a kowane ɗaki. Marar taya ana ɗaga shi a ajiye gaba, a sa ƙafar ciwo, sannan mai lafiya ta biyo. Tsawonsa a auna da jikin mai shi: ta tsaya ta saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunta, yadda in ta kama gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa. Ku auna faɗin ƙofar banɗaki kafin ku tafi kasuwa.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na farkon da na saya a wani shago, sabo fil a leda, yana ƙyalli. Kwana tara, Inna ta dogara za ta miƙe don alwalar la'asar, 'yar ƙusar da ke riƙe tsawon ƙafa guda ta shige ciki, ƙarfen ya karkace. Da ƙanwata ba ta tare ta ba, da mun koma ɗakin tiyata. Mai shagon cewa ya yi ai tsohuwar ce ta yi masa nauyi. Don haka kada kunya ta hana ku: ku buɗe shi a shagon, ku ɗora nauyinku duka, ku girgiza. Ku danna kowace ƙusa ku ji ta dawo da ƙara. Ku duba takardar da ke nuna kilo nawa yake ɗauka. In babu, ku ajiye. Robar ƙasa in ta yi santsi ko tauri kamar kwano, zamewa za ta yi a siminti mai ruwa. Na gwanjo mai kauri ya fi sabon gwangwani, a canza masa roba kawai.

Kujerar ba-haya mai fo a ƙasa ba abin jinkiri ba ce. Tsuguno a masai, zaman tabarma da harɗe ƙafa na cikin abin da likitoci kan hana na makonni 6 zuwa 12, musamman in an canza kan ƙashin, don kada ya goce. Sallah a kan kujera mai tsawo, mai hannu.

Sai wanda zai riƙa motsa ta. Mai ɗori ba shi da aiki a ƙashin da aka sa wa ƙarfe. Likitan gashin ƙashi (mai motsa gaɓoɓi) na gaske ake nema, mai lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi sashen gashin ƙashi na asibitin da aka yi aikin. Tamu ta fara da kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa, danna bayan gwiwa a katifa a ƙirga biyar, jan diddige a kan gado, sannan tashi da zama daga kujera. Ta kan ce, "Inna, daure ki ƙara ɗaya," ta kuma koya wa jikoki yadda za su maimaita mata safe da yamma.

Kafin ita wani ya zo mana da farar riga da jaka. Ya kunna jar fitila, ya manna injin tausa mai kaɗawa a cinya, ya karɓi kuɗin zuwa goma a dunƙule, ya kuma tallata mana garin "haɗa ƙashi". Ko sau ɗaya bai ce ta miƙe ba, bai nemi hoton ƙashin ba, bai tambayi nauyin da likita ya yarda ta ɗora wa ƙafar ba. Da na nemi lasisi sai ya ce yana gida. Irinsu suna jin labarin mara lafiya ne a wajen dubiya. Duk wanda aka ɗauka, a biya shi zuwa-zuwa, kuma in sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi wani ya ce zai murza, a riƙe hannunsa a nemi mota zuwa asibiti, don yana iya zama daskarewar jinin nan ce.