Marjoram ko oregano? Ga abin da na gani a kicin ɗina

Wa'alaikumus salam ƴar uwa mai tambayar wanne za ta saya tsakanin marjoram da oregano, ganyayen nan na ƙamshin girki. Ni dai duka biyun suna kabad ɗina yanzu haka, marjoram kwalba ta uku kenan nake ci, oregano kuwa ta farkon ce har yau ko rabi ba ta yi ba.

Marjoram a hannun uwar mijina na san shi. Ta dawo daga umara ta miƙo min wata ƴar leda a ƙulle cikin tsarabar dabino da bagaruwa, tace sunansa bardaƙush, haka Larabawa ke kiransa, a Masar ake noma shi sosai har shayinsa suke sha. Na jefa shi bayan su kori na manta da shi, sai ranar babbar sallah ina tsaka da farfesun kayan ciki na duba naga tayim ɗina ya ƙare tas, ga baƙi a falo ga ba yaron aike, kawai na kwance ledar nan na murza kaɗan a tafin hannuna na sunsuna, ƙamshinsa mai sanyi ne kamar tayim da aka cire masa zafin kai, da ɗan zaƙi-zaƙi da wani abu kamar ɓawon lemo. Na zuba ƙaramin cokali ɗaya bayan na rage wuta na rufe tukunya. Wallahi ƙarnin tumbin nan ya kwanta, romon ya yi wani irin daɗi, ƙanwar maigida har kicin ta biyo ni wai sai na faɗa mata me na canza.

Tun daga nan nake sa shi a wainar ƙwai, a niƙaƙƙen naman sambusa, a dankalin turawa in zan gasa da tafarnuwa da ɗan mai, a kaza, a kifi, har faten wake na gwada kuma ya karɓa. Amma ki kiyaye abu ɗaya, ba ya son daɗewa a wuta. In kika zuba shi tun wajen soya albasa kamar yadda muke yi wa kori to kin yi asararsa, ƙamshin zai bi tururi. Minti 5 kafin ki sauke ya isa. In kin samu ɗanye, babban cokali ɗaya na ɗanyen shi ne ƙaramin cokali ɗaya na busasshe. Kuma kar ki wahalar da shi a miyar kuka ko kuɓewa, daddawa danne shi take yi, na gwada ko alamarsa ban ji ba.

Oregano kuma, to. Ƴan gida ɗaya ne, dangin su na'a-na'a da ɗoɗɗoya, har wasu na ce masa marjoram na daji, amma shi kaifi gare shi da ɗan ɗaci. Bidiyon fiza na gani na sayo ƙatuwar kwalba, na zuba a miyar tumatir da hannun da nake zuba tayim, maigida ya kai loma ɗaya yace yau jiƙo aka dafa mana ne? Yana jure wuta, wannan na yarda, kuma in fiza ko taliya irin ta Italiya kike yawan yi yana da ranarsa. Sau nawa muke yin fiza a wata?

Baki tambaya ba amma ki yi hankali da masu sayarwa, musamman masu ƙullawa a leda ko masu sake cika tsohuwar kwalba. Da na Hajiya ya ƙare wani mai kayan ƙamshi ya rantse min marjoram ne, na zo gida na buɗe ashe tsohon tayim ne da karmami da wani ganye da aka daka ko ƙamshi babu. Wasu kuma oregano za su miƙo miki su ce duk ɗaya ne. Ba nan kaɗai ake yi ba, a 2015 an gwada busasshen oregano da ake sayarwa a Ingila aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu an cakuɗa shi da wasu ganye irin na zaitun. Dan haka kar ki karɓi marjoram ɗin da aka niƙa ya zama gari, ki nemi mai ganye, ƙanana ne masu laushi kore mai ɗan toka-toka, ki ce a buɗe miki ki murza ki sunsuna, in ya ƙi buɗewa ki wuce gaba. In ya koma ruwan ƙasa ko yana warin ciyawa ya tsufa. Masu juna biyu kuma ku tsaya a ɗan na cikin girki, shayin sai kun tambayi likita.

Ki sayi marjoram, ƙaramar kwalba, ki ajiye nesa da murhu dan zafi na kashe shi. Oregano in har sai kin gwada ki min magana ta inbos ki aiko a ɗauki nawa.